Orville Wright: Ya buɗe wa duniya hanyar sama, jijjiga ta sauko da shi ƙasa

Da yammacin ranar Alhamis 17 ga watan Satumba na shekarar 1908, mutane kimanin 2,000 suka taru a filin faretin sojoji na Fort Myer, kusa da birnin Washington na Amurka, domin kallon jirgi mai inji yana yawo a sama ɗauke da mutum biyu. Mai tuƙin shi ne Orville Wright, ɗan shekara 37. A gefensa akwai Laftanar Thomas Selfridge, matashin hafsan soja ɗan shekara 26. Jirgin ya zagaya filin sau huɗu lafiya lau. Ana cikin zagaye na gaba Orville ya ji wata ƴar ƙwanƙwasa daga bayansa, inda farfeloli biyu ke juyawa. Kafin ya yi wani abu sai ƙara mai ƙarfi ta biyo baya har sau biyu, jirgin ya kama jijjiga kamar zai wargaje. Ya kashe inji ya nemi sauka, amma jirgin ya ƙi jin linzami, ya sunkuyar da kai ya daki ƙasa.

Selfridge ya cika a daren nan sakamakon fashewar ƙoƙon kai, ya zama mutum na farko a duniya da ya rasa ransa a hatsarin jirgin sama mai inji. Orville ya tsira da karaya a cinyar hagu da haƙarƙari, da wani rauni a ƙugu wanda likitocin lokacin ba su gano girmansa ba. Da aka bi diddigi, abin da ya kayar da jirgin tsaga ce a jikin katakon farfelar dama.

Duniya ta fi sanin Orville da daƙiƙa 12 ɗin da ya yi a sama a 1903. Ba a cika faɗin cewa shi da wansa Wilbur ne suka sassaƙa farfelar farko da ta ɗaga jirgi da mutum ba, bisa lissafin da suka gina da kansu. Haka kuma ba a cika faɗin cewa jijjiga ta kusa hana su wannan tashi ba, ta kashe masa fasinja bayan shekara biyar, daga baya ta raba shi da tuƙin jirgi tun yana da sauran ƙarfinsa.

Daga shagon keke

An haifi Orville ranar 19 ga Agustan 1871 a garin Dayton na jihar Ohio. Mahaifinsa Milton bishop ne mai yawan tafiye-tafiye. Mahaifiyarsa Susan ƴar mai ƙera keken doki ce, kuma ita ce mai hannun gyare-gyare a gidan. A 1878 uban ya dawo daga tafiya da tsaraba: ɗan abin wasa na gora da takarda, wanda roba ke murɗa farfelarsa ya tashi har rufin ɗaki. Wani Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ne ya ƙirƙiro samfurinsa. Yaran suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sannan suka haɗa nasu.

Orville bai ƙare sakandare ba. A 1889 ya buɗe maɗaba'a da injin buga takarda da ya haɗa da hannunsa tare da Wilbur. A 1892 suka buɗe shagon gyaran keke, bayan shekara huɗu suka fara ƙera nasu kekunan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran keke yana ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yana juya ta yana kallon inda take karkata, ya ga irin makarantar da ƴan'uwan nan suka yi.

Daga 1900 zuwa 1902 suka riƙa zuwa Kitty Hawk, wani waje mai tuddan rairayi da iska a bakin tekun Atlantika, suna gwada jirage marasa inji. Da suka ga alƙaluman da magabata suka bari ba su yi daidai da abin da suke gani ba, sai suka haɗa wani akwati mai hura iska a shagonsu, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200 a ciki, suka rubuta nasu alƙaluman. Zuwa ƙarshen 1902 sun san yadda za a sarrafa jirgi a sama. Saura inji da farfela.

Farfela, inda aka yi zaton sauƙi

Injin bai ba su wahala sosai ba. Makanikin shagonsu, Charlie Taylor, ya ƙera shi cikin kimanin mako shida, mai ƙarfin doki 12. Farfela kuwa sun ɗauka aikin kwana kaɗan ne, tunda jiragen ruwa sun daɗe suna amfani da ita: a ɗauko lissafin injiniyoyin ruwa, a sa iska a madadin ruwa, shi ke nan. Suka shiga ɗakin karatu na Dayton suka tarar babu wannan lissafin. Masu ƙera jirgin ruwa gwaji suke yi, a ƙera a gwada, in bai yi ba a sake. Su kuwa da kuɗin gyaran keke suke aiki, kuma injin nasu ba shi da rarar ƙarfin da za a ɓarnatar.

Wuyar abin ita ce babu ɓangaren da ke tsaye wuri ɗaya balle a auna sauran da shi. Ƙarfin turin farfela ya dogara da yadda hannunta ke saran iska. Yadda yake saran iskar ya dogara da saurin juyawarta da saurin jirgin. Saurin jirgin kuma ya dogara da ƙarfin turin. Sun shafe watanni suna gardama a kai, irin gardamar da ake jiyowa daga waje, kuma an sha samun lokacin da za su wayi gari kowanne ya koma kare ra'ayin da ɗan'uwansa ya kwana da shi.

Abin da suka tsaya a kai shi ne: hannun farfela fiffike ne, kamar na jirgin, illa dai shi yana tafiya ne a murɗe, kuma ƙarfin da zai ɗaga fiffike sama a nan gaba yake turawa. Da wannan, alƙaluman akwatin iskarsu suka sami sabon aiki. Tunda bakin hannun ya fi gindinsa gudu nesa ba kusa ba, dole a murɗa katakon, ya karkata sosai a kusa da tsakiya, ya riƙa kwantawa har zuwa baki.

Suka manna falankin katako uku da gam, suka sassaƙa da ƙaramin gatari da wuƙar fiƙe mai mariƙi biyu. Kowace farfela na da hannu biyu, tsawonta mita 2 da santimita 60, tana juyawa kimanin sau 350 a minti. Sun lissafa cewa za ta mayar da kashi 66 cikin 100 na ƙarfin inji zuwa turi. Da aka ƙera kwafinta aka gwada kusan shekara 100 bayan haka, sai aka sami kusan kashi 75. Wato sun ma rage wa kansu.

Akwai wata dabara da ke nuna tun farko suna tunanin daidaito. Farfela ɗaya babba na neman murɗa jirgi zuwa gefe. Don haka suka sa biyu, inji ɗaya na jan su da sarƙa irin ta keke amma mai kauri, suka gitta sarƙar ɗayar domin ta juya saɓanin ƴar'uwarta, murɗin wannan ya kashe na waccan.

Mako shida da jijjiga ta ci

Ranar 5 ga Nuwamban 1903 suka tayar da injin a jikin jirgin a Kitty Hawk. Ya riƙa yin tuntuɓe, yana fizgar sarƙoƙi, jijjigar ta lalata sandunan ƙarfen da farfelolin ke kai. Babu maƙera a kusa. Aka mayar da sandunan Dayton, tafiyar kwanaki a kwale-kwale da jirgin ƙasa, ba su dawo ba sai 20 ga wata. Da aka ɗaura, sai faifan haƙoran da sarƙa ke hawa suka riƙa kwancewa komai ƙarfin ɗauri. Maganin da ya yi aiki daga shagon keke ya fito: suka narka gam ɗin manna taya suka zuba a zaren notin.

Ranar 28 ga Nuwamba suka ga tsaga a ɗaya daga cikin sandunan, waɗanda dama bututu ne masu rami a ciki. Sanyi ya riga ya shigo. Orville da kansa ya kama hanyar Dayton, ya ƙera sababbi da dunƙulallen ƙarfe, ya dawo 11 ga Disamba. Kwana uku kafin nan jirgin Samuel Langley, shugaban cibiyar Smithsonian, wanda ma'aikatar yaƙin Amurka ta ba dala 50,000, ya faɗa kogin Potomac a gaban ƴan jarida. Duk abin da ƴan'uwan suka kashe a nasu jirgin bai kai dala 1,000 ba.

Suka jefa kwabo, Wilbur ya ci, ya gwada ranar 14 bai yi nasara ba. Ranar 17 ga Disamba da ƙarfe 10 da minti 35 na safe, Orville ya kwanta rub da ciki a kan fiffiken ƙasa ya tashi, ya yi mita 36 da ɗoriya cikin daƙiƙa 12. A tashi na huɗu Wilbur ya yi mita 260 cikin daƙiƙa 59. Mutum biyar ne suka shaida.

Ba su bar farfela ta huta ba. A 1905 suka lura tana ba da ƙarfi ƙasa da lissafinsu, suka gano iska na lanƙwasa katakon yayin juyawa, suka sake fasalin bakin hannayen. A watan Oktoban shekarar Wilbur ya yi kilomita 39 a sama ba tare da sauka ba.

Abin da ya faru a Fort Myer

Rundunar sojan Amurka ta ce za ta biya dala 25,000 ga jirgin da zai ɗauki mutum biyu, ya yi awa guda a sama, ya kai gudun kilomita 64 a awa. Wilbur yana Faransa yana ba Turawa mamaki a Le Mans, don haka gwajin ya faɗo kan Orville shi kaɗai. Cikin makonni biyu ya yi ta kafa tarihi, har ya wuce awa guda a sama ranar 9 ga Satumba. Kafin tashin ranar 17 ya ɗaura sababbin farfeloli da suka ɗara na da tsawo.

Ga yadda abin ya gudana. Hannu ɗaya na farfelar dama ya tsage a tsaye, ya baje, ya daina turin iska. Ɗaya hannun kuma na nan yana turi da cikakken ƙarfi. A kowane juyi ana fizgar sandar daga gefe guda, har jijjigar ta sassauta abin da ke riƙe da ita. Farfelar ta kauce daga hanyarta ta sari wayar da ke ɗaure da wutsiyar jirgin. Wutsiyar ta kwanta, ta danna kan jirgin ƙasa. Duk wannan cikin ƴan daƙiƙoƙi.

Ƙanwarsa Katharine, malamar makaranta, ta ajiye aikinta ta zo ta zauna da shi asibiti har makonni, ba ta kuma koma koyarwa ba. Da Wilbur ya dawo a 1909, suka sa farfeloli irin waɗanda suka kasa a gwaji, suka gano inda katakon ke da rauni, suka ƙarfafa wajen. A watan Yuli Orville ya koma filin da ya faɗi, ya yi sama da awa guda da fasinja, sannan ya kai gudun kilomita 68 a awa. Sojoji suka biya dala 30,000, har da ladan ƙarin gudu. Ba kowa ne zai koma wannan fili da ƙafar da ta gajarce ba, kuma ya sake ɗaukar hafsan soja a gefensa.

Masu tsofaffin jirage da gadon da ya bar musu

Matsalar da ta kayar da Orville ba ta tafi da zamaninsa ba. A Amurka da Turai har yau akwai dubban tsofaffin ƙananan jirage da ke tashi, irin su Piper J-3 Cub da aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947, kuma da yawansu farfelar katako ce a hancinsu. Bambancin shi ne gudu. Farfelar Cub mai tsawon kusan mita 1 da santimita 80 na iya juyawa sau 2,300 a minti, kuma ƙarfin da nauyi ke fizga da shi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudun juyi ya ninka sau biyu. Idan bakin hannu ɗaya ya fi ɗan'uwansa da giram 10 kacal, kusan cokalin sukari, a wannan gudu zai riƙa fizgar inji da ƙarfin da ya wuce nauyin buhun siminti, yana kewayawa sau 38 a kowace daƙiƙa. Fankar sama mai lanƙwasasshen hannu da ke rawa a ɗaki ƙaramin misali ne. A jirgi, wannan rawa na tsaga ƙarafunan da ke riƙe da inji, ta fasa salansa, ta kwance notoci, ta kashe agogunan gaban matuƙi, shi kansa ya sauka a gajiye.

Makanikai na farawa da nauyi. Ana cire farfelar a zura sanda a tsakiyarta, a ɗora kan ƙarafa biyu masu kaifin baki a ɗakin da iska ba ta kaɗawa. Hannun da ya fi nauyi zai gangara ƙasa da kansa. Ana ƙara wa marar nauyin shafen fenti ko ɗigon dalma a ƙarfen bakinsa, kaɗan-kaɗan, har ta tsaya duk inda aka bar ta, a kwance ko a tsaye. Bayan an mayar da ita, ana duba sawu: a ajiye alama a ƙasa daidai bakin hannu ɗaya, a juya, ɗayan ya zo ya wuce ta wuri guda. Tazarar da aka saba yarda da ita ba ta wuce milimita ɗaya da rabi.

Sannan akwai aikin da Orville bai sami kayansa ba. Ana ɗaura ƴar na'urar jin jijjiga a jikin inji, a manna tef mai ƙyalli a hannu ɗaya, wata na'urar haske na ƙirga wucewarsa. A tayar da inji, kwamfuta ta faɗi girman jijjigar da kuma gefen da nauyin ya rinjaya, kamar ana karanta agogo. Sai a ɗaura ƴan washa a kishiyar gefen, a sake tayarwa, a sake aunawa. Wannan na daidaita farfela da inji tare, yadda suke aiki a zahiri.

Katako kuwa yana da halinsa, yana shan danshi yana kuma bushewa. Shi ya sa ake barin farfelar katako a kwance idan an ajiye jirgi, don kada danshi ya taru a hannun da ke ƙasa ya ƙara masa nauyi. Shi ya sa kuma ake sake duba ɗaurin notocinta idan yanayi ya juya daga damshi zuwa bushewa, domin katakon na motsewa ɗaurin ya saki, kamar yadda ƙofar katako ke sakin jiki da hunturu.

Sai dai washa ba ta maganin kowace jijjiga, kuma rayuwar Orville ta nuna hakan sau biyu. A 1903 laifin injin ne da ke tuntuɓe. A 1908 nauyin hannayen bai canza ba, turinsu ne ya bambanta saboda tsaga. Makanikin da ya rufe irin wannan jijjiga da ƙarin nauyi ya toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, don haka ake fara binciken katakon da injin kafin a ɗauko na'ura.

Shekarun ƙasa

Wilbur ya rasu ranar 30 ga Mayun 1912 da zazzaɓin taifot, yana da shekara 45. Orville ba ɗan kasuwa ba ne, kuma shari'o'in kare haƙƙin ƙirƙira sun gundure shi. A 1915 ya sayar da kamfaninsu. Ciwon jijiyar ƙugu mai sauka ƙafa ya riƙa tasowa yana kwantar da shi, kuma babu abin da ke tayar da shi kamar jijjiga. A watan Mayun 1918 ya tuƙa jirgi karo na ƙarshe, yana da shekara 46. Sai a 1920, shekara 12 bayan hatsarin, hoton ƙashi ya nuna karaya uku a ƙugunsa. Hatta motarsa sai da aka ƙara mata abin tare jijjiga na musamman.

Ya koma ɗakin gwaje-gwajensa a Dayton, ya kuma zauna a kwamitin ba gwamnati shawara kan harkar jiragen sama, wanda daga baya ya zama tushen hukumar NASA, daga 1920 har ƙarshen ransa. Mutum ne mai kunyar taro, ba ya hawa mumbari, bai taɓa aure ba. Mai riƙo ne kuma. Da Katharine ta yi aure a 1926, ita da ta bar aikinta domin jinyarsa, ya ƙi zuwa bikin ya kuma yanke hulɗa da ita, bai je wurinta ba sai tana kan gadon mutuwa a 1929. Wannan tabo ne da ko masu ƙaunarsa ba sa iya karewa.

Riƙon nasa ya yi rana a wani wajen. Cibiyar Smithsonian ta daɗe tana nuna jirgin Langley a matsayin na farko da ke da ikon tashi da mutum. Orville ya ɗauki jirgin 1903 ya aika gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928, ya ƙi yarda a dawo da shi har sai da cibiyar ta janye iƙirarinta a 1942.

Ranar 26 ga Afrilun 1944 wani sabon jirgi ƙirar Lockheed Constellation ya sauka a Dayton, mai inji huɗu, kowanne da farfelar ƙarfe mai hannu uku. Aka gayyaci tsohon ya shiga, aka ba shi linzami na ɗan lokaci. Faɗin fukafukan jirgin mita 37 da rabi ne, ya ɗara duk nisan da ya yi a tashinsa na farko. Daga ranar bai sake hawa sama ba.

Orville ya rasu ranar 30 ga Janairun 1948 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 76, aka binne shi a maƙabartar Woodland ta Dayton inda Wilbur da Katharine suke. Jirgin 1903 ya dawo daga Landan a ƙarshen shekarar, aka buɗe shi ga jama'a a Washington ranar 17 ga Disamba.